Golan da Ya Ƙi Kiran Surukinsa

Idan mutum ya yi abin da iyayensa suka hore shi a kai tun yana ƙarami, abin nan kuma ya jefa gari guda cikin baƙin ciki, har aka raba wani da aikinsa, laifin wa za a ce? Na yi shekaru ina juya wannan tambaya a shagona, tsakanin agogunan mutane da rediyoyinsu, ban sami amsar da ta zauna mini ba. Abin da na sani shi ne mun ci kofi a shekarar, kuma ni na rubuta takardar korar mutumin da ya ciyo mana shi.

Shekarar da aka sauya hannun tuƙin mota ce. Ƙungiyar ƙwallonmu ta Pataskum sunanta Bijimai, domin fiye da rabin 'yan wasan a kasuwar shanu suke neman abinci, daga mahauta sai masu lodin shanu a mota. Ni ba na buga ƙwallo. An sa ni sakataren kwamiti ne don na iya tsara wasiƙa, abin da na fara a ajin yaƙi da jahilci na ƙarasa da karatun tsofaffin jaridu. Ciyaman ɗinmu Umara ne, Babarbare mai shagon kayan keke, wanda muryarsa take kaiwa daga wannan raga zuwa waccan. Koci kuwa Malam Abdulsalam, malamin firamare, siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Shekara uku yana riƙe da ƙungiyar.

Attajiran yankin suka sa kofi tsakanin garuruwa shida, kowa ya je gidan kowa, biyun da suka fi maki su haɗu a wasan ƙarshe. Mun shiga da ƙarfinmu, domin bayanmu a rufe yake. Akwai Kaumi, kyaftin, dillalin shanu, ya haura talatin da biyar amma ba a taɓa cin sa da kai ba. A bayansa akwai Babayo, gola, Bafillatani ɗan makiyayan da suka zauna a gari, dogo, kuma bakinsa ba ya rufuwa a fili. Da Hausa yake tsawa, da Fillanci yake zagi, har da 'yan kalmomin Karekare da ya tsinta a kasuwa.

A Damagum aka fara. Saura kaɗan a tashi, babu ci, sai wani ya ɗaga ƙwallo sama ba da wata dabara ba. Ta sauko daidai inda gola yake ɗauka da hannu biyu. Babayo ya fito, Kaumi yana ja da baya, idonsa a sama. Sai Babayo ya ja birki. Kaumi ya taɓa ta da ƙeya, ta wuce ta kan Babayo ta faɗa raga. Mun dawo a bayan babbar mota an ci mu ɗaya da nema. Mako biyu bayan haka, a filinmu, gaban jama'armu, Nangere suka ci mu da ƙwallo irin wannan sak.

Majalisar masoya ƙwallo tana zama ne a gindin dalbejiyar da ke gaban shagon Umara, bayan la'asar. A makon nan ko wurin tsuguno babu. Mahauta suka ce Malam ya cika 'yan baya har huɗu, suna take ƙafar juna, alhali da can biyu sun isa. Wani direba ya ce ai Malam ya hana a kai sunayen 'yan wasa wurin malamai kafin a fita, ga sakamakon nan. Wani ya kawo cewa idon Babayo ne ya sami matsala, aka tuna masa ƙwallayen da yaron ya kama a wasan. Shekarun Kaumi sun zo bakin mutane da yawa, amma ba wanda ya furta, domin ranar Laraba kowa zai neme shi a kasuwa. Da aka gama zagaye, magana ta koma kan wanda ba shi da dangi a gindin bishiyar.

Umara ya ce, "Mutumin da bai taɓa riƙe igiyar sa ba, yaya zai riƙe Bijimai? Ya koma ya riƙe allinsa."

Aka kira Malam Abdulsalam gaban kwamiti. Na zaci zai zana mana fili a ƙasa ya yi bayani, yadda ya saba. Umara ya tambaye shi sau uku ko wane ne ya jawo ƙwallayen nan biyu, Kaumi ko Babayo. Duk amsar ɗaya ce.

"Ni nake tsara su. Laifina ne."

Ya ciro usur daga wuyansa ya ajiye a kan benci. Ni kuma na rubuta takarda, da kyakkyawan rubutu, har na ji daɗin yadda na tsara ta. Wannan jin daɗin shi ya fi damuna daga baya.

Aka kawo Saje Basiru, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi. Shi gudu ya sani. Kullum da asuba sai ya kora 'yan wasa hanyar Nangere su dawo suna haki. Gaskiya yara sun yi ƙarfi, suka fara cin uku, cin huɗu. Majalisa ta cika da yabon Saje, Umara yana cewa da an ji maganarsa tun bara. Amma a wasa na uku na Saje, ƙwallon nan ta sake shiga. Mun ci wasan, shi ya sa ba a tayar da hankali ba. Ni dai ta tsaya mini a rai.

A wasa na gaba ban zauna a bencin kwamiti ba. Na je bayan raga na tsaya, kusa da Ya Kaka, tsohuwar da take sayar da gyaɗa da aya a wurin tun kafin a kafa sandunan ragar. Daga nan ana jin kome. Babayo bai bar kowa ba. Auta, wanda yake tsaron baya tare da Kaumi, ya sha tsawa fiye da sau ashirin: koma, fito, bar ta, ina idonka. Amma da zarar ƙwallo ta nufi Kaumi, sai bakin Babayo ya mutu. Har idonsa yake saukewa. Na ga haka sau huɗu kafin hutun rabin lokaci, na ce a fili, ba da kowa nake ba, me ya sa ba ya yi wa kyaftin magana.

Ya Kaka ta dube ni kamar na tambayi ina gabas.

"Ɗana, wa ka taɓa ji ya daka wa surukinsa tsawa?"

Na tsaya kamar an dasa ni. Ai na je ɗaurin auren. Bayan babbar sallah Babayo ya auri Mairam, ƙanwar Kaumi, wadda Kaumi ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita, shi ne uba a wurinta. Kafin auren ba a taɓa cin mu irin wannan ƙwallo ba. Ya Kaka ta ce matan unguwa duka sun sani tun ranar Damagum, ba wanda ya tambaye su ne.

Washegari na sami Malam Abdulsalam a makaranta bayan an tashi, yana goge allo. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun atisayen farko bayan bikin ya lura. Ya keɓe Babayo ya roƙe shi, ya ce masa fili daban gida daban. Babayo ya ce ko kofin na zinariya ne ba zai kama sunan mutumin nan ba, balle ya ba shi umarni da ɗaga murya a gaban jama'a. Malam ya ce to ya kira shi Yaya. Babayo ya ce ba sunan kaɗai ba ne, tsawar ce. Fita kuma ya bangaje shi don ya kama ƙwallo, wannan ko a mafarki.

Na tambaye shi me ya hana ya ajiye ɗaya daga cikinsu. Ya ce in ya ajiye Kaumi, za a ce mijin ƙanwa ya ture shi daga ƙungiyar da ya kafa. In ya ajiye Babayo, ya hukunta yaro saboda ladabi ke nan, shi kuma kullum ladabi yake koyarwa a ajin nan. Na ce to ya faɗa wa kwamiti mana. Ya ce kwamiti majalisa ce, majalisa kuma tasha ce, kafin mako labari ya kai Damagum a bakin direbobi. Yana neman dabara ne aka kira shi. Ya roƙe ni in bar maganar a cikina.

Kwana uku ina gyaran agogo ɗaya ban gama ba. Shirun Babayo kunya ce, na yarda. Shirun Malam fa, kirki ne ko tsoron fuskar mutane? Ni kuma in na yi nawa shirun, takardar da na rubuta ta tabbata gaskiya ke nan. An ba ni amana, amma amanar tana tsare ƙarya. Ranar Laraba na rufe shago na tafi kasuwar shanu. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Na sami Kaumi tsakanin wani Bafillatani mai bijimi da wani mai saye daga kudu, hannun kowa a hannunsa. Na jira har aka sallama. Da na gaya masa, sai ya fashe da dariya, har ya dafa gadon bayan san. Daga nan dariyar ta tsaya. Ya ce shi ya ɗauka yaron yarda da shi ya yi, shi ya sa ba ya kiransa. Ya ce a cikin hayaniyar fili ba abin da yake shiga kunnensa sai sunansa.

"Kuma Malam ya sha kora a kan wannan, bai ce kome ba?"

Na ce bai ce ba.

Kaumi bai iya tarar Babayo kai tsaye ba, domin kunyar ta kowane ɓangare ce. Ta bakin Mairam ya aika. Ya ce ya yafe, ya halatta masa sunansa daga usur na farko zuwa na ƙarshe. Ya ƙara da cewa shi Babarbare ne, Babayo Bafillatani, tun kakanni akwai wasa a tsakani, in ya ga dama ma ya haɗa da zagi. Mairam ta dawo da amsa: Babayo ya gode, amma ya ce ranar da aka ɗaura aure aka rufe ƙofar wasa, kuma abin da ba a yi a gidansu ba ba zai fara a kansa ba.

Da yammar Juma'a Kaumi ya zo gindin dalbejiya, abin da bai saba ba. Bai zauna ba. Ya faɗi maganar da bakinsa, daga farko har ƙarshe, ya ce a mayar wa Malam Abdulsalam usur ɗinsa, in ba haka ba a nemi wani kyaftin.

Ban taɓa ganin majalisa ta hautsine irin ranar ba. Fulanin da ke wurin suka ce yaro ɗan halak ne, haka aka san su. Umara ya ce ai ga irinta nan, ka ba bawanka ƙanwarka ya saka maka da ƙwallo uku a raga. Wani dattijo Bafillatani ya ce Umara ya yi a hankali, bawa ba ya zagin iyayen gidansa a bainar jama'a. Aka yi dariya, aka koma musu. Wasu suka ce laifin Kaumi ne da bai lura ba. Wasu suka ce har yanzu na Malam ne, don koci da ya san ciwo ya ɓoye ya fi wanda bai sani ba laifi. Wani mahauci ya ce laifin limamin da ya ɗaura aure ana dab da fara gasa ne. Saje Basiru, wanda yake gefe yana saurare, shi ya raba gardamar. Ya ce shi gudu ya iya sa mutane, kuma ya sa su. Wannan aikin na surukuta ba a koya masa a bariki ba, a dawo da mai shi, shi zai ci gaba da hanyar Nangere.

Umara ya ga jama'a sun karkata, amma bai so ya sauka hannu banza.

"Na yarda. Amma in ƙwallon nan ta sake shiga, ko sau ɗaya, Malam ya tafi ke nan, kuma ba mai sake kawo mini sunansa."

Ni na kai wa Malam takarda ta biyu. Ya karanta sharaɗin, ya dube ni, ya ce ai ya roƙe ni. Na ce na sani. Ya karɓi usur ɗin.

Dabarar da ya fito da ita ta ba mutane dariya, amma ta yi aiki. Ya sa Auta ya zama ɗan aike. Duk inda Kaumi yake, Auta yana kusa. In ƙwallo ta taso, Babayo ya ce, "Auta, tawa ce," Auta kuma ya ce, "Kyaftin, bar masa." Maganar tana bin doguwar hanya, amma tana isa. Wasa uku ba a ci mu ko ɗaya ba. Muka ƙare a kan gaba, Damagum na biye, aka sa wasan ƙarshe a filinmu.

Ranar, gari ya tashi kaf. Mahauta sun rufe tun hantsi. Mutanen ƙauyuka sun zo a ƙafa da kekuna, ana jin Ngizimanci da Bolanci da Karekare ta kowane gefe, makaɗa biyu suna gasa a bakin fili. Damagum sun zo da manyan motoci uku. Tun kafin a busa usur na gane abin da Malam ya ji tsoro ya faru, domin magoya bayansu sun taru a bayan ragar Babayo suna tafi suna rera masa cewa ya gaishe da suruki. Babayo bai waiwaya ba. Na tsaya a wurin, kusa da Ya Kaka, da aka juya gefe ma muka bi shi, mu da masu waƙar.

Damagum suka fara ci, da bugun ƙasa mai tsabta wanda ba laifin kowa. Yaranmu ba su rikice ba. Gudun Saje ya fara biya bayan hutu, 'yan Damagum suna dafa gwiwa namu suna ƙara wuta. Wani mai lodin shanu da yake buga mana gefen hagu ya ratsa mutum uku ya farke. Bayan minti goma Kaumi da kansa ya hau gaba a bugun kwana ya sa kai, raga ta motsa. Filin ya girgiza. Na ga Umara ya jefa hularsa sama bai ko nemi inda ta faɗi ba. Na ga dattijon Bafillatanin nan yana rawa da sandarsa. Biyu da ɗaya.

Daga nan Damagum suka koma ga abin da suka zo da shi. Suka sa wani ɗan gajere mai gudu ya riƙa jan Auta zuwa bakin layi, su kuma suna ɗaga ƙwallo sama, tsakanin Kaumi da Babayo, ba wani wuri ba. Ta farko Auta ya dawo a kan kari. Ta biyu ta fita waje. Malam Abdulsalam yana tsaye a bakin fili, hannunsa a baya. Umara ya bar bencinsa ya zo ya tsaya kusa da shi, bakinsa a rufe, abin da ban taɓa gani ba.

Alƙalin wasa ya duba agogonsa. Ni na gyara masa shi a makon, na san saura minti ɗaya. Ɗan gajeren ya sake jan Auta har tutar kwana, ya mayar da ƙwallo baya, wani ya ɗaga ta. Ta yi sama sosai, ta juyo da rana a bayanta, ta nufo daidai wurin nan. Kaumi yana ja da baya, idonsa a sama. 'Yan Damagum biyu suna binsa. Auta yana can nesa, ko ya yi ihu ba za a ji ba. Babayo ya fito taku uku, na ga ƙafarsa ta fara jan birkin nan da na sani. Ya waiga gefen fili sau ɗaya, inda Malam yake tsaye.

Masu waƙar suruki sun yi tsit suna jira. A cikin wannan tsit ɗin muryar ta fito, irin wadda makiyayi yake juyo da garke da ita daga hayin rafi.

"Kaumi! Kauce!"

Kaumi ya zube ƙasa nan take kamar an sare shi. Babayo ya tashi ta kansa, gwiwarsa ta shafi kafaɗar surukinsa, ya cafe ƙwallon da hannu biyu, ya faɗo da ita a ƙirji ya dunƙule a kai.

Ya Kaka ta saki farantin gyaɗarta ta rangaɗa guɗa. Ban ji usur na ƙarshe ba, jama'a ne na ga sun ɓalle cikin fili, Umara a gaba, ya sunkuci Malam Abdulsalam ya ɗora a kafaɗa. Kaumi yana kwance cikin ƙura yana dariya, ya ce bai ji da kyau ba, a sake faɗa. Babayo, da ƙwallon har yanzu a ƙirjinsa, fuskarsa a ƙasa, ya miƙa masa hannu ɗaya.

"Tashi, Kaumi," in ji shi. "Za a tattake ka."